Ƙararrawar da Muka Haɗa wa Oga Bitrus

Kun ce malaminku ne ya ambaci Dakta Ladi a aji, ranar da yake koya muku yadda ake haɗa ƙwaƙwalwar mutum da kwamfuta, kuka yi ta tambaya har aka nuno muku gidana. To, ku gyara zama. Amma wannan hular da ɗayanku ya nuna mini a waya, wadda ya ce kifa ta kawai ake yi a kai sai layuka su fito, kada ta sa ku ɗauka aikin namu kifa hula ne. Lokacin da na fara, a farkon shekarun tamanin, kan mutum ɗaya yakan cinye mini rabin safiya kafin injin ya fara rubutu.

Ni ba ɗan asibiti ba ne tun asali. Gyaran rediyo na koya a Makera, a shagon Malam Inuwa, har na yi aure ina wurinsa. Wata rana aka aiko daga wani ƙaramin asibiti da ke bayan layin dogo, tsakanin Makera da Kakuri, wai wani inji ya ƙi tashi. Asibitin ya daɗe da rufewa yanzu. Idon Malam Inuwa ya fara rauni a lokacin, sai ya tura ni. Na tarar da wata mata gajera, ta naɗe hannun farar rigarta, ta buɗe bayan wani abu mai girman firij biyu tana leƙawa da tocila. Ita ce Dakta Ladi. A jami'a take koyarwa, a wani gari, ƙarshen mako take zuwa Kaduna ta duba masu ciwon ƙwaƙwalwa. Injin kuwa tsoho ne, wani asibiti ne a ƙasar da ta yi karatu ya daina amfani da shi, ta roƙa aka ba ta.

Tare muka gyara shi. Tana karanta littafin injin da Turanci tana fassara mini, ni kuma ina bin wayoyin ina gwadawa, har muka kai ga ɓangaren da ya ƙone. Da ya tashi, sai ta je shago da kanta ta roƙi Malam Inuwa ya bar mata ni. Ya ce in dai za a koya mini abin da bai sani ba, ya yarda. Ya ba ni ƙarfen narka dalmarsa na tafi da shi.

Injin nan alƙaluma takwas gare shi, sirara kamar allura, kowanne da ɗan kwanon tawadarsa. Takarda mai ninki tana fitowa daga ciki, ta bi ƙarƙashinsu, ta zuba a kwando. Kowane alƙalami yana rubuta abin da wani sashe na kai yake yi. Ƙwaƙwalwa tana da wutarta, amma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, aikin injin shi ne ya ƙara mata ƙarfi har ta iya motsa alƙalami. Matsalar ita ce duk abin da ya samu ƙara shi yake yi, ba ruwansa da na ƙwaƙwalwa ne ko na maƙwabta.

Kan farko da na auna ƙwarya ce. Dakta ta kifa ta a tebur, ta zana mata hanci da kunnuwa, ta ba ni tef irin na tela. Daga gindin karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a raba, a sa alama da fensir. In ka kuskure faɗin yatsa, ka ba likita labarin wani wuri dabam. Daga ƙwarya na koma kan maigadinmu, wanda Allah ya yi wa sanƙo, ya zauna yana gyangyaɗi ina zane shi. Sai da na gama da shi ta cire ɗankwalinta ta ce in gwada a kan mai gashi. A kowace alama za ka buɗe gashi, ka goge fatar da auduga da sifirit har ta ɗan yi ja, ka ɗebo wani farin kwaɓi a ɗan ƙoƙon azurfa mai waya, ka manna, ka danne da guntun bandeji. Ta cire nata da kanta guda uku ta ce ba su zauna ba, in sake.

Akwai wata Hajiya daga Makera da ta zo da sabon kitso, an shafe shi da mai har yana ƙyalli. Komai na manna sai ya zame. Dole nas ta zauna ta tsefe mata, aka wanke kan da sabulun salo, ta zauna a rana ya bushe, mijinta yana bakin ƙofa yana duba agogo. Daga ranar duk wanda za a ba rana sai an gaya masa ya wanke kai, kada ya shafa komai. Mata kuma ban taɓa aiki a kansu ba sai da nas a tsaye, mijin ko uwar a zaune a ɗakin. Hakan ya sa hankalin kowa ya kwanta, kuma mai kwanciyar hankali shi ne takardarsa take fita da kyau.

Sai kuma hayaniyar da ba ta kai ba. In mutum ya ƙifta ido, alƙaluman gaba su yi tsalle. In ya haɗiye yawu, dukkansu su rikice. Wani direban babbar mota daga Gonin Gora ya sa na kusa kwance injin ina neman abin da ya lalace, ashe goro ne ya ɓoye a kumatu yana ɗan taunawa. Shi ne kuma ya tambaye ni a asirce ko injin yana karanta abin da mutum yake tunani, don akwai abubuwan da bai so matarsa ta ji. Na ce masa ko sunansa injin bai sani ba. Fanka kashe ta muke yi, komai zafi. Akwai mai walda a bayan katangarmu, in ya kunna injinsa takarda takan yi baƙi ƙirin. Dakta ta je ta same shi, suka daidaita, in muna da mai gwaji sai in leƙa ta katanga in ɗaga masa hannu, ya tafi ya sha shayi. Kuma a bayan taga na haƙa rami na binne sandar tagulla da gawayi da gishiri, na jawo waya zuwa jikin injin. Da rani kowace safiya sai na ba ramin nan ruwa kamar shuka. In na manta, layukan su yi kauri.

Yawancin masu zuwa masu farfaɗiya ne, kuma da yawa sai sun gama zagaya wurin masu magani kafin su iso mu. Na fi tuna wata yarinya daga Mahuta, 'yar firamare. Uwarta ta ce a makaranta ana dukanta wai ba ta mai da hankali, a gida ma ana cikin magana da ita sai ta ƙura ido ta yi shiru, kamar raini. Na manna mata wayoyi, komai lafiya. Sai Dakta ta ba ta guntun takarda ta ce ta yi ta hura shi da ƙarfi. Tana cikin hurawa sai hannunta ya tsaya cak, idonta a buɗe, alƙaluma takwas ɗin nan suka shiga tsalle tare kamar masu rawa. Can ta dawo ta ci gaba da hurawa, ba ta san an yi komai ba. Dakta ta kira uwar ta nuna mata takardar, ta ce wannan ma farfaɗiya ce, ƙarama, ba ta kayar da mutum, kuma tana da magani. Uwar ta riƙe takardar tana kallon 'yarta, ta ce ita ma ta sha marin ta. Yarinyar nan ta gama sakandare, har katin bikinta aka kawo mana.

Muguwar shekararmu ta zo a tsakiyar tamanin ɗin, lokacin da kayan waje suka daina shigowa. Takarda ta fara ƙarewa. Muka koma juya tsofaffi muna rubutu a bayansu. Da su ma suka ƙare, na samu wani mai ɗab'i a Kakuri yana yanka mana takardar jarida daidai faɗin injin, ni da nas mu zauna mu ninke da hannu. Tana shan tawada, layin yana baje wa, amma ana karantawa. Tawadar ma ta alƙalamin makaranta muka koma, a tace ta da auduga, duk da haka kullum sai na bi bakin alƙaluman da siririyar waya don toshewa. Biyu suka mutu gaba ɗaya, muka ci gaba da shida. Farin kwaɓin nan kuwa Dakta ce ta ce ai asalinsa yumɓu ne da gishiri. Na samo farar ƙasa wurin masu tukwane, muka tankaɗe, muka dafa, muka zuba gishiri da ɗan man gilasarin. Na farko ya bushe ya tsage kafin a gama gwaji, na biyu ya sa ƙaiƙayi. A kaina aka gwada duka, har muka samu wanda ya zauna. Likitoci da yawa sun bar ƙasar a shekarar. Ita ma an kira ta, ba ta tafi ba.

A ƙarshen wannan shekarar aka kawo Oga Bitrus. Mutumin Filato ne, shugaban masu kula da injinan saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Yana bakin aiki ya yanke jiki ya faɗi, jijiya ta toshe a can ƙasan ƙwaƙwalwarsa. Ya yi makonni a wani asibiti kafin a dawo da shi namu. Yana numfashi da kansa, amma ko yatsa ba ya motsawa. Ta tiyo ake ba shi kunu, ta hanci. Fatar idonsa ta faɗi, in ka buɗe ta da hannu sai ka ga ƙwayar tana yawo ita kaɗai. An riga an gaya wa iyalinsa cewa jikin ne kawai ya rage. Matarsa, Maman Rifkatu, mai sayar da kayan miya, ita kaɗai ta ƙi yarda. Ta ce ta san yana ji, ba ta dai da abin da za ta nuna.

Aka turo shi ɗakinmu a kan gado, na manna wayoyi, na kunna. Kun san idan mutum lafiyayye ya rufe ido ya saki jiki, bayan kansa yakan ba da wani layi mai hawa da sauka a jere, gwanin kyau, wajen goma a daƙiƙa. Alfa ake ce masa. In ya buɗe ido, ko ya mai da hankali kan wani abu sosai, sai layin ya lafa ya zama ƙanana. To alfa ce ta fito a takardar Oga Bitrus, tsaf, kamar ta mai hutawa bayan cin abinci. Dakta ta tsaya tana kallo. Ana haka matarsa ta leƙo ta tambayi nas inda za ta ajiye fulas. Muryarta na fita, alfa ta ɓace. Da matar ta fita, alfa ta dawo a hankali.

Dakta ta sunkuya daidai kunnensa. Ta ce, "Oga Bitrus, ni ce likita. In kana ji na, ka fara daga ɗari kana cire bakwai-bakwai a zuciyarka." Layin ya lafa. Ta ce ya huta, layin ya dawo. Ta yi ta maimaitawa, wani lokaci ta yi shiru ba ta ce komai ba don ta ga ko da kansa yake canzawa. Da ta gamsu, ta ce a kira matar. Ta gaya mata mijinta yana nan, yana ji, yana fahimta. Maman Rifkatu ba ta yi ihu ba. Ta je ta kama ƙafarsa ta ce masa ya yi haƙuri da duk abin da aka faɗa a gabansa.

Tunanin ƙararrawa na Dakta ne. Ta ce tunda yana iya kashe alfa in ya so, ai ya samu makunni ɗaya a jikinsa, saura mu haɗa makunnin da abin da kowa zai ji, ba sai likita ya duba takarda ba. Ga shi takardar ma ba mu da ita da yawa. Ta zana abin a allo, tana lissafin kayan da za su tace wannan layin kaɗai su bar sauran, ni kuma na koma shagon Malam Inuwa na yi ta farfasa matattun rediyo ina ciro abin da ta rubuta. A cikin gwangwanin biskit na haɗa shi, na jawo waya daga alƙalamin da ke rubuta bayan kai, na sa ƙararrawar ƙofa a ƙarshe. In alfa tana nan, shiru. In ta ɓace ta ɗan jima, ƙararrawa ta buga.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Na farko bugawa yake yi in jirgin ƙasa ya wuce. Na biyu in an kunna fitilar baranda. Ni ne nake kwanciya a gadon gwaji, ido a rufe, tana juya wani ɗan maɓalli tana ce mini in yi lissafi, in huta. Muka ci makonni a haka, ita tana zuwa tana komawa jami'a, kafin abin ya fara jin magana.

Da muka sa wa Oga Bitrus, lissafin yana saurin gajiyar da shi, bayan tambaya kaɗan sai komai ya cakuɗe. Dakta ta tambayi matar abin da ya fi sani a duniya. Ta ce ai injin saƙa, ko a gida in ya yi shiru hannunsa ɗaurin zare yake yi. Sai Dakta ta ce masa ya bar lissafi. In zai ce e, ya ga kansa yana tafiya tsakanin injinan yana neman zaren da ya tsinke. In zai ce a'a, ya yi zamansa. Ranar ƙararrawar ta buga da ƙarfi, ba jinkiri.

Ga inda nake so ku saurara, don nan ne aikin yake. Shiru ba lallai a'a ba ne. Mai yiwuwa barci ya ɗauke shi, ko bai ji ba, ko waya ta saki. Don haka Dakta ba ta taɓa karɓar amsa sai ta yi tambayar ta fuska biyu. Kana jin sanyi? In ya buga, sai ta ce, ba ka jin sanyi? In nan ma ya buga, a watsar da duka, a duba wayoyi, a bar shi ya huta. Da haka muka gano kafaɗarsa ta hagu ciwo take masa, kuma a kanta ake ta kwantar da shi. Muka gano ba ya son a bar rediyo a kunne a kansa yini guda, yana son a buɗe taga da safe, yana son 'yarsa Rifkatu ta riƙa gaya masa abin da aka koya musu a makaranta. Ƙananan abubuwa ne, amma ku kwanta yini ɗaya a kan kafaɗa mai ciwo ba bakin faɗa, ku ji.

Labari ya kai jami'a. Ɗaliban Dakta suka fara biyo ta ranar Asabar, su cika ɗaki, sai ta tambayi Oga Bitrus ko ya yarda su tsaya. Ta fara shirin koya masa harhaɗa kalma, a riƙa karanto haruffa yana bugawa a kan wanda yake so. Ta kuma rubuta wa malamanta na waje, suka ce za su zo su gani da ido, in abin ya tabbata za su taimaka a samo sabon inji.

Ana cikin haka yayansa, Yohanna, ya iso daga ƙauye bayan girbi. Ya ce ya zo ɗaukar ƙaninsa. Mahaifiyarsu ta tsufa, ba ta iya hawa mota, kullum tambayarta ɗanta. Maman Rifkatu ta ce ba inda za a kai shi, a nan yake da baki, a can wa zai ji shi? Suka yi ta yi a baranda har Dakta ta fito. Ta ce mai maganar yana ciki, a tambaye shi.

Yohanna ya ce shi bai yarda da gwangwani ba. Dakta ta ce ya yi daidai, ya gwada da abin da su biyu kaɗai suka sani, ya haɗa da na ƙarya. Ya tsaya a kan ƙaninsa, ya ce tabon da ke cinyarsa, kare ne ya cije shi? Shiru. Daga mangwaro ya faɗo? Shiru. Sannan ya ce, "Ni ne na sare ka da lauje muna yankan acca, muka ce wa Baba faɗuwa ka yi?" Ƙararrawa ta buga. Yohanna ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, a kan siminti, ya daɗe bai tashi ba.

Kafin a yi masa babbar tambayar, Dakta ta gaya masa komai ba ɓoye-ɓoye. Ta ce ƙauye ba lantarki, injin ba zai bi shi ba, ƙararrawa ba za ta yi aiki ba sai da injin. Kula da shi zai fi wuya, in ciwon ƙirji ya kama shi asibiti da nisa, mai yiwuwa kwanansa ya fi gajarta a can. Sannan ta tambaya ko yana so ya zauna a Kaduna. Shiru. Ko yana so a kai shi gida. Ta buga. Ta bari aka kwana biyu ta sake, ta juya tambayar, ta sa Yohanna ya fita, ta sa matar ta fita. Amsar ba ta canza ba. Maman Rifkatu ta yi kukanta a bayan ɗaki, ta wanke fuska, ta dawo ta ce masa ta ji, tare za su tafi.

Wani daga cikin ɗaliban, yaro mai ƙoƙari, ya ce wa Dakta ai ba laifi a ɗan ja lokaci har baƙin su zo, wata biyu ne kawai, kuma amfanin na marasa lafiya da yawa ne. Ina wanke ƙoƙunan azurfa ina jin su. Ta ce masa, "Mun gaya wa mutumin nan muna jin sa. Wannan ne abu na farko mai girma da ya roƙa. In muka riƙe shi, ashe ba ji muke yi ba, gwaji muke yi."

Kwanakin da suka rage ba ta ɓata su a kan haruffa ba. Ta lura in zai buga ƙararrawa numfashinsa yakan ɗan sarƙe, kaɗan ƙwarai. Sai ta sa matar ta ɗora tafin hannu a ƙirjinsa, ni in cire wayar ƙararrawar in sa ɗan ƙwan fitila a inda matar ba ta gani. A yi tambaya, ta faɗi abin da hannunta ya ji, mu duba fitila. Da farko tana kuskure da yawa. Kafin su tafi ta fi samu fiye da kuskure. Aka koya mata ba shi abinci ta tiyo da juya shi, aka koya wa Yohanna ma.

Baƙin sun zo daga baya. A kaina aka nuna musu gwangwanin, suka yaba, suka tafi, sabon inji bai zo ba. Dakta ta rubuta abin da muka gani, a lokacin ba wanda ya damu da shi sosai. Amma ɗaliban nan da suka tsaya a ɗakin ba su manta ba. Wanda ya ce a ja lokaci ma wannan fannin ya bi, ya zama babban malami, ina jin shi ya koyar da wanda yake koya muku. Ya taɓa ziyartata ya ce har yau ba ya barin ɗalibinsa ya karɓi amsar inji sai an juya tambaya. Ni kuwa na ci gaba da aikina har kwamfuta ta zo, na koye ta, na yi ritaya lafiya. Da sana'ar nan na gina gidan da kuke zaune a ciki. Oga Bitrus ya isa gida, mahaifiyarsa ta gan shi, saƙo ya zo mana cewa ya ga damina biyu a can kafin Allah ya karɓi abinsa.

Safiyar tafiyarsu an kawo a-kori-kura, an shimfiɗa katifa a baya, Yohanna yana ɗaure kaya. Sai Maman Rifkatu ta zo wurina ta ce, "Malam Sale, don Allah a sa masa wayoyin sau ɗaya." Na kalli Dakta, ta ɗaga mini kai. Na auna, na goge, na manna, ban gajarta komai ba. Na leƙa katanga na ɗaga wa mai walda hannu. Da alfa ta zauna, Dakta ta fita ta jawo ƙofa. Ni dole in tsaya wurin injin, sai na juya baya.

Maman Rifkatu ta sunkuya ta yi masa magana da yarensu, wanda ba na ji ko kalma ɗaya. Gajeriyar tambaya ce. Ba ta gama rufe baki ba ƙararrawar ta ɗauka, ta yi ta bugawa ba ta tsaya ba. Na ji matar ta yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ce mata bisa ƙa'ida sai ta juya tambayar. Ta goge ido da bakin zaninta ta ce wannan ba ta bukatar juyi. Na kashe injin, na cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko ruwan ɗumi zan wanke masa farar ƙasar da ta manne a gashi. Ta karɓi kwanon daga hannuna ta wanke da kanta.